Gurbin Igiyar Nomau

A kasuwar Gaffati har gobe akwai masu rantsuwa cewa Nomau mai rijiya ya taɓa zuwa Amirka ta ƙarƙashin ƙasa. Wai a shekarar babban fari ya shiga rijiyar garinmu da dagi, ya yi ta haƙa yana bin ruwa, kwana arba'in ba a ga ƙeyarsa ba, har dagin ya huda wani siminti. Sai ga kansa ya ɓullo a tsakiyar zauren Majalisar Ɗinkin Duniya, laka har gira, manyan duniya na zaune suna shan shayi. Wai ya yi sallama, ya karkaɗe wando, ya ce ƙara ya kawo. Masu ƙarin gishiri ma sun ce an ja masa kujera, ya ƙi, ya ce shi bai saba zama sama a gaban manya ba, ya tsuguna a ƙasa.

To, ku kwantar da hankalinku, ƙarya ce. Na san ƙarya ce don rabinta daga bakina ta fito. Rijiyar da Nomau ya fi zurfafawa a duniya gaba talatin da ɗaya ce, iyakar tafiyarsa kan wannan ƙara kuwa Zinder, a ƙasa, da takalmin taya wanda ƙafa ɗaya ta tsinke tun bai hango Birni, tsohuwar unguwar garin, ba. Amma ƙarar kam ya kai ta. Wannan kaɗai ce gaskiya a cikin zancen.

Nomau taubashina ne, uwata ƙanwar ubansa ce. Siririn mutum ne, in ya juya gefe sai ka neme shi ka rasa, kunnuwa kawai za su tona shi. Magana kuwa tsada take yi masa: kalma ɗaya da hantsi, ta biyun sai bayan la'asar. An haife shi a Rinji, wato ƴar unguwar da ke bayan garinmu Kwarin Aduwa, gabas da Gaffati. Kakansa daga kudu aka kamo shi zamanin yaƙe-yaƙen sarakunan Damagaram, aka ajiye shi a nan ya yi wa masu gari noma. Nasara ya zo ya ce an daina bauta, Nasara ya tafi, aka ɗaga tuta, aka ce kowa ɗan ƙasa ne. Rinji dai tana inda take, kuma duk wanda aka haifa a cikinta an san abin da ake kiransa in ya ba da baya. Uwata ce kawai ta tsallake, da wani mutumin cikin gari ya gan ta ya aure ta.

Sana'ar gidansu haƙar rijiya da yasarta. Nomau ya gaji ubansa, ya kuma wuce shi. Yakan ɗebi ƙasa ya lasa, ya yi shiru kamar mai ɗanɗana miya, ya ce saura gaba huɗu. Kuma gaba huɗun ce. Tun daga Hamdara har Damagaram Takaya ana aiko masa da jaki a ɗauke shi. A can ana shimfiɗa masa tabarma. A garinsu kuwa, ga yadda abin yake.

Rijiyar Kwarin Aduwa ɗaya ce tal, kuma a bakinta akwai wani gungumen kirya kwance, baƙi wuluk, ya girmi duk mai rai a garin. Igiya ta ci jikinsa ta yi gurabe, guda goma sha ɗaya, kowanne ya yi sumul kamar cikin ludayi. Kowane gurbi na gida ɗaya ne cikin gidajen da suka kafa garin. Ta gurbin gidanku za ki zura gugarki, ta nan za ki jawo, haka uwar mijinki ta yi, haka uwar mijinta. Rinji ba ta da gurbi. Matan Rinji sukan jera tulunansu a gindin aduwa, taku goma daga rijiyar, su zauna su jira wadda Allah ya taɓa zuciyarta ta zo ta juye musu guga ɗaya. Zubi ake kiran wannan. Tsofaffi sun ce ranar da gugar Rinji ta taɓa ruwan, rijiyar za ta yi fushi ta ƙafe. Nomau kuwa da ƙafafunsa da guminsa da wandonsa yake shiga cikinta duk rani ya yashe ta, ba ta taɓa yin fushi ba. An ce wai jiki daban, guga daban.

Lokacin da ruwa ke da yawa abin bai cika ciwo ba. Zubi na zuwa, har da hira. Sai damina ta yi gardama shekara biyu a jere. Gero ya tsaya iyakar gwiwa ya bushe a tsaye, rumbuna suka koma ɗakin ɓeraye, ɓerayen ma suka yi ƙaura. Mutane suka faɗa wa anza, ƴaƴan itacen nan masu ɗaci da ba sa ciwuwa sai an jiƙa su kwana uku ko huɗu ana sauya musu ruwa. Ka ga kenan a wannan shekara ruwa ba abin sha ba ne kaɗai, shi ne tuwo. Rijiya kuwa ta ja baya, sai an jira ta taru kaɗan-kaɗan. Gidaje goma sha ɗaya su ɗiba tun da asuba, in rana ta take tsaka a tuna da gindin aduwa, a zubo musu abin da ya rage, rabi ruwa rabi taɓo. Mutanen Rinji suka riƙa cin anzarsu da ɗacinta, cikinsu na murɗawa.

Sau uku a wannan rani maigari Tahiru ya aika a kira Nomau ya ƙara wa rijiyar zurfi. Sau uku ya shiga, aka riƙa jawo ƙasa da kwando, ya fito fari fat kamar fatalwa, garin ya yi ta sa masa albarka. Ya koma gida ya tarar da matarsa Delu ba ta dawo daga gindin aduwa ba.

Delu doguwa ce, mai murya, in ta yi raɗa ana ji a Gaffati. Duk maganar da Allah ya hana Nomau ita ya ba. Ran nan ta dawo da rabin tulu na ruwan taɓo, ta dire shi, ta ce, "Malam, kai kana shiga cikinta kamar ɗakin uwarka, ni ko leƙa ta ban taɓa yi ba. Shekarata arba'in. Wai da gaske ne mutum yana hango fuskarsa a can ƙasa?"

Nomau ya ce, "Wani lokaci."

"To ni ba fuska nake nema ba. So nake in zura gugata da hannuna, da asuba, kafin a dama ruwan."

Maganar nan ta zauna wa Nomau.

Ana nan a tsakiyar bazara, muna zaune da rana a rumfata ana sauraron rediyo, sai mai magana ya ce yau ranar yaƙi da wariya ce a duniya. Ya ce ƙasarmu ta sa hannu tun shekara bakwai da suka wuce a wata yarjejeniya ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda ta hana a ware mutum ko a tauye masa haƙƙi saboda launin fatarsa, ko ƙabilarsa, ko asalinsa. Nomau na tsugune can gefe yana gyaran igiya. Ya ɗago kai.

"Mutari, har rijiya?"

Na ce, "Har rijiya, har guga, har igiya! An ma rubuta sunanka a shafi na biyu: Nomau na Rinji, mai kunnuwa kamar faifai."

Rumfa ta kwashe da dariya. Shi bai yi ba. Ya naɗe igiyarsa ya tafi, washegari bayan sallar asuba ya kama hanyar Zinder.

Abin da ya sa, Nomau ya taɓa ganin aikin takarda da idonsa. Shekarun baya an yi rikicin iyakar gona tsakanin maigari da wani talaka, talakan ya je wurin alƙali ya dawo da ƴar takarda mai tampo, wato hatimin hukuma, ya miƙa. Maigari da kansa ya sa aka mayar da dutsen iyaka inda yake. Tun ran nan Nomau ya ɗauka a ransa cewa duk abin da aka sa wa hannu, akwai shi a wani ɗaki, kuma in ka yi haƙuri za a ba ka ka kai wa wanda ya danne ka. In takardar alƙali ɗaya ta motsa dutse, ina ga wadda ƙasa sukutum ta sa wa hannu?

Ya tarar da Zinder cike da yunwa. Bakin gari duk bukkokin tsumma ne na Buzaye da Fulani waɗanda dabbobinsu suka ƙare. Duk biron gwamnati da ya tsaya a ƙofarsa, planto mai tsaron ƙofa zai dube shi sama da ƙasa ya nuna masa hanya da sanda.

"Layin hatsi yana can baya, tsoho."

"Ba hatsi nake nema ba. Takarda."

"Takardar hatsi ma can ce. Wuce!"

Kwana uku yana wannan zagaye, yana kwana a zauren wani mai sayar da igiya a unguwar Zango. A na huɗun wani magatakarda, saurayi mai tabarau da ake kira Mushe Suma'ila, wato Malam a bakin Faransa, ya gaji da ganinsa tsugune a bakin taga, ya ce a shigo da shi.

"Baba, me aka yi maka?"

"An hana ni gurbi."

Sai da aka ɗauki rabin sa'a kafin Mushe Suma'ila ya gane gungume da gurabensa, don shi ɗan Birni ne, ruwan famfo ya tashi da shi. Da ya gane sai ya cire tabarau ya murza ido.

"Wa ya hana ka? Wani Bature ne?"

"Tahiru ne, maigarinmu."

"Fari ne shi?"

"Ya fi ni baƙi, ranka ya daɗe."

"To don me?"

"Don ni bawa ne."

Mushe Suma'ila ya waiga ƙofa da sauri. "Baba, kada ka ƙara faɗin wannan a nan. Babu bawa a ƙasar nan, an hana tun tuni. Kawo katinka. Ka gani? Ɗan ƙasa aka rubuta, daidai da ni, daidai da kumandan mai mulkin Zinder."

Nomau ya dubi katin, ya juya bayansa. "To ɗan ƙasa yana da gurbi?"

Yaron nan, Allah ya saka masa, bai kore shi ba. Ya tashi ya hau kujera, ya sauko da wasu takardu daga saman kabad, ya bubbuge su, ya yi ta bincike har ya samo. Ya karanta a ransa yana motsa leɓe, sannan ya ce, "Gaskiya ta shafe ka. Ga shi nan, har da asali an faɗa."

"Alhamdu lillahi. Sai a ba ni."

"Ba irin wadda ake ba mutum ba ce. Alkawari ne ƙasa ta yi wa sauran ƙasashe. Lokaci-lokaci a tambaye ta ina aka kwana, ita kuma ta rubuta amsa. Bara ma an aiko daga Yamai ana tambaya ko an taɓa kawo ƙarar wariya a nan. Da hannuna na buga amsar. Na ce babu."

"To ga ta na kawo."

"Na ji, Baba. Sai dai ban san inda zan rubuta ta ba. In na rubuta an hana bawa ruwa, za a ce babu bawa. In na rubuta an hana ɗan ƙasa ruwa, za a aika a tambayi maigarinku, ya ce ana ba ku. Ana ba ku, ko?"

"Ana zuba mana."

"Ka gani."

Can Mushe Suma'ila ya zura takarda a keken rubutu, ya kwafe masa shafi ɗaya da Faransanci, ya ɗauki tampon da ke kan teburinsa, wanda ake buga wa wasiƙa in ta iso, ya danna mata da ƙarfi. Ya ce iyakar abin da zai iya kenan. Nomau ya karɓa da hannu biyu, ya naɗe ta cikin hularsa, ya tako har gida ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu.

A zauren maigari ni aka kira in karanta, tunda na yi lakwal, wato boko, shekara uku a Gaffati kafin malamin ya ce ko ni ko shi. Na karanta abin da na gane, wanda ban gane ba na yi masa tari na wuce. Maigari Tahiru ba azzalumin da kuke zato ba ne. Dattijo ne mai sanyin murya, a farin nan shi ma ya binne jikoki biyu. Ya karɓi takardar, ya shafa tampon da yatsa, ya mayar wa Nomau cikin girmamawa.

"Takarda ce mai kyau. Gwamnati ta yi gaskiya, wariya ba ta da kyau. Mu nan wa muka ware? Masallacinmu ɗaya, maƙabartarmu ɗaya. Nomau, tsakaninka da Allah, an taɓa kwana ba a zuba muku ba?"

"Gurbi nake roƙo, ranka ya daɗe. Guda ɗaya, Rinji duka."

"Ai gurbi ba ni na yi shi ba. Ubana ma bai yi ba. Igiya ce ta yi shi, shekara da shekaru. Yaya zan ba ka abin da ba ni na yi ba?"

Dattawa suka gyaɗa kai. Nomau ya mayar da takardarsa cikin hula, ya yi godiya, ya fita.

Washegari da hantsi, rijiya cike da mata, sai ga shi da gizago a kafaɗa, Delu na biye da sabuwar guga. Ya durƙusa a ƙarshen gungumen ta yamma, inda babu gurbin kowa, ya fara sara. Kirya ce, tauri gare ta kamar ƙarfe, kowane sara ana jin sa har masallaci. Mata suka tsaya da igiya a hannu. Aka ruga aka gaya wa maigari, ya aiko da magana ɗaya: kada wanda ya taɓa su.

Ba a taɓa su ba. Yana gama sassaƙa gurbi na goma sha biyu, ya hure ɓawon, ya ja da baya don Delu ta matso, sai wata tsohuwa daga gidan liman ta tako a hankali ta zauna daram a kan sabon gurbin, ta miƙe ƙafa, ta fitar da carbi. Da ta gaji wata ta karɓe ta. Haka suka yi ta yi har magariba, suka kuma dasa da asuba. Delu ta yi masifa har muryarta ta dushe, ba wadda ta tanka mata. Gindin aduwa kuwa, tun daga saran farko, ko ɗigo ba a ƙara zubawa ba.

Rana ta farko Rinji ta sha abin da ke cikin randa. Rana ta biyu aka tafi wani ƙauye da jakai, aka dawo da kunya, don su ma tasu rijiyar ba ta ishe su ba. Rana ta uku, Nomau ya fito da safe ya tarar da matan Rinji zaune a ƙofar gidansa, tsofaffi da masu goyo, kowace da tulunta a kife a gabanta. Ba su zage shi ba. Da ma zaginsa suka yi da ya fi sauƙi. Wata jaririya tana kuka, kukan ba ya fita.

Delu ce ta shiga ɗaki ta ɗauko gizagon ta miƙa masa, ba ta dube shi ba.

Ya samo guntun kirya, ya fere shi, ya je rijiya. Tsohuwar da ke zaune ta matsa masa. Ya cusa guntun a gurbin, ya daddanna, ya goge, ya shafa masa laka. Gwanin aiki ne ko a nan: yau in ka je, sai ka shafa da yatsa kafin ka gane wurin. Kafin azahar aka zubo wa gindin aduwa guga shida, ruwa mai kyau, har da sannu. Takardar kuwa ya soke ta a jikin azarar ɗaki, gara ta fara ta daga wajen tampon.

Kada a ce ban faɗi alherin gwamnati ba. Bayan ƴan makonni sojoji suka karɓi mulki a Yamai, sai ga kamiyo, babbar mota, cike da jar dawa har ƙofar maigari. Dattawa suka fara tsara mutane gida-gida kamar yadda aka saba, Rinji a ƙarshe. Wani sarjan mai gashin baki ya daka tsawa ya ce layi ɗaya, wanda ya riga ya riga. Ran nan Delu ta tsaya a gaban uwargidan maigari, aka auna musu da tiya ɗaya, ba a tauye tata ba. Ta yi wata guda tana ba da labarin. Aka buɗe lakwal a garin, ƴaƴan Rinji suka zauna benci ɗaya da na cikin gari. Duk wannan an yi.

Bayan shekara biyu kuma aka turo ma'aikata su ɗaure rijiyar da siminti. Suka ɗauki Nomau aiki don shi ya san cikinta. Ranar da za a zuba bakin, ƙarti takwas suka mirgine gungumen kirya gefe, ya kwanta cikin rairayi kamar mushen raƙumi. Nomau ya tsaya yana kallon sabon bakin rijiya, zagaye, fari, sumul, babu gurbin kowa. Waɗanda ke kusa sun ce sun ga haƙoransa. Ni ban yarda ba, don ban taɓa sanin yana da su ba.

Ranar buɗewa kumandan ya zo da kansa, ya yi jawabi, ya ce ruwan nan na kowane ɗan ƙasa ne ba bambanci. Ya ce a kawo mace ɗaya ta fara ja. Kafin dattawa su gama duban juna, Nomau ya turo Delu gaba. Ta tako taku goman nan kamar mai tafiya a kan ƙaya. Ta dafa siminti, ta leƙa, ta daɗe tana leƙe.

"Kai! Ashe duhu ne kawai."

Ta zura guga. Sai ga matsala: gugar ta sauka ta zauna a kan ruwa tana yawo, ta ƙi nutsewa. Akwai ɗan fizgen da ake yi wa igiya don guga ta kife ta ɗiba, duk yarinyar cikin gari ta iya shi tun tana shekara bakwai. Delu da furfurarta ba ta iya ba, a ina za ta koya? Mata suka fara ƙyalƙyala dariya a cikin mayafi. Nomau ya matso, ya kama igiyar ta bayan hannunta, ya fizga sau ɗaya. Ta jawo, rabi ya zube mata a zane, wani mai ɗaukar hoto ya ɗauka, aka yi tafi. An ce hoton har Yamai ya je.

Kwana tara kowa na ja. Delu takan riga liman tashi. Ta iya fizgen nan a kwana biyu, har tana koya wa sauran matan Rinji da tsawa.

Sai igiyoyi suka fara tsinkewa. Bakin siminti kaifi gare shi, igiyar kaba kuwa ba ta jure masa, kwana uku ta ci rabi. Guga huɗu suka faɗa ciki a mako ɗaya, har da wata ta Rinji. Kowa ya yi kuka, Delu ma ta yi. Maigari ya tara mutane ya ce shi bai ga wata dabara ba sai a ɗora itace a bakin, igiya ta riƙa bi ta kansa. Wane itace? A farin nan duk wani babban itace an sare an sayar. Ga kuwa gungume kwance a rairayi, lafiyayye. Wa ya iya zaunar da gungume a bakin rijiya ya zauna daidai? Mutum ɗaya ne a garin.

Nomau ya san abin da yake yi. Ya nemi a juya gungumen, guraben su kalli ƙasa, aka gwada, ya ƙi zama don cikinsa a gantsare yake. Aka mayar da shi yadda ya saba kwanciya, ya zauna daram kamar bai taɓa tashi ba.

Da asuba ba wanda ya yi doka, ba wanda ya yi shela. Kowace mace ta zo, igiyarta ta faɗa gurbin gidansu. Delu ta iso da gugarta, ta tsaya. Gurbi goma sha ɗaya, igiya goma sha ɗaya. Ta zagaya ta ɗaya gefen, wurin siminti tsirara, ta dubi igiyarta da ta riga ta ci rabi, ita kenan gare ta. Wata ta ce mata, da murya mai daɗi, "Kawo tulun mana, Delu, in zuba miki, kada ki yi asarar igiya." Delu ta naɗe igiyarta. Sannan ta koma gindin aduwa ta zauna.

Ba ta ƙara taka taku goman nan ba. Da fari ya dawo bayan shekara takwas, wanda ya fi na farko muni, tana cikin waɗanda ya fara ɗauka. Ruwan da aka yi mata wanka da shi ma zubi ne, tulu biyu, daga gidan liman.

Nomau ya tsufa, gwiwa ta hana shi shiga rijiya, ƴaƴansa sun tafi Libiya neman abinci ba labari. Shi ke kawo tulunsa da kansa yanzu. Ran nan da hantsi na biyo ta wurin, na gan shi tsugune a gindin aduwa, namiji ɗaya tilo a tsakiyar mata, tsohuwar gugar Delu a gefensa, don ko'ina da ita yake zuwa. Bakina ya ƙi haƙuri.

Na ce, "A'a, Hajiya Nomau! An fito? Ina ɗankwalin? Ku matsa wa amarya mana ta samu inuwa, kada ta yi baƙi!"

Matan suka yi dariya, har da na bakin rijiya. Ya bari sai da dariyar ta lafa. Sannan ya ɗauki gugar, ya warware igiyar a hankali, ya miƙo mini bakinta.

"Mutari, gurbi na bakwai na gidan ubanka ne, yau kuma kai ne babba a gidan, ba mai hana ka. Uwarka a gindin itacen nan ta yi ƙuruciyarta da tulu a gaba. Ungo. Je ka sa igiyar nan a gurbinka, ka tsaya a wurin, in ja da hannuna, sannan ka dawo ka ƙarasa dariyar. Ko hannun naka bai kai bakin naka tsawo ba?"